Yadda wutar lantarki ke ɗinka wa tukunyar yumɓu rigar azurfa da jan ƙarfe

A shekarar 2004, a wani ɗakin gwanjo da ke birnin Cincinnati na jihar Ohio a Amurka, an sayar da wani tulun ado na yumɓu a kan dala 350,750.

Wani ma'aikacin kamfanin tukwane na Rookwood, ɗan ƙasar Japan mai suna Kataro Shirayamadani, shi ne ya yi wa tulun ado a shekarar 1900. Jikinsa baƙi ne wuluk, da zanen tsuntsaye dangin gauraka suna shawagi.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne jan ƙarfe da azurfar da ke manne a jikin tulun, kamar daga cikin yumɓun suka tsiro.

Babu maƙerin da ya sa guduma ya buga su a jiki. Ba a kuma narka su an zuba ba, domin jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas, zafin da zai iya fasa tulun nan take. An tsoma shi ne a cikin ruwan sinadari, aka jona masa waya, wutar lantarki ta riƙa ɗora masa ƙarfen a hankali.

Gidan adana kayan fasaha na Cincinnati ne ya saye shi.

Wannan dabara, wadda Turawa ke kira ilektrofomin, wato ginin ƙarfe da lantarki, ta haura shekara 180 a duniya. Ta yi tashe, ta ja baya, yanzu kuma ta dawo ta hannun ƙananan masu sana'a da ke koyon ta a bidiyon YouTube suna tallata kayansu a Instagram da Etsy. Sai dai ta dawo da dukkan haɗarin da ke tattare da ita: asid mai cin fata, guba mai kisa, da kwanukan da bai kamata a ci abinci a cikinsu ba.

Mene ne bambancinsa da ruwan gwal?

Duk wadda ta taɓa sayen ɗan kunne ko sarƙa mai ruwan gwal ta riga ta san ɗan'uwan wannan aiki. Hanyar ɗaya ce: ana amfani da lantarki a ɗora wani ƙarfe a kan wani abu.

Bambancin yana wajen kauri. Ruwan gwal na kayan ado sau da yawa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, kuma silin gashin mutum kan kai maikiron 50 zuwa 100. Shi ya sa irin waɗannan kaya ke kwailewa bayan 'yan watanni.

A ginin ƙarfe da lantarki ana barin ƙarfen ya yi ta taruwa har ya kai ɗaruruwan maikiron, wani lokaci milimita guda ko fiye. Yana zama fata mai ƙwari da za a iya gogewa, a yi mata zane da ƙusar sassaƙa, ko ma ta tsaya da kanta idan aka cire abin da ke cikinta.

Haka kuma bai kamata a haɗa shi da layin zinaren da ake gani a bakin farantai da kofunan tangaran na kabet ɗin amare ba. Wancan wani ruwa ne mai ɗauke da zinare da ake shafawa da buroshi, sannan a mayar da farantin cikin wuta. Ba ya buƙatar lantarki, kuma siriri ne ƙwarai.

Yadda ake yin aikin

Matsalar farko ita ce yumɓu ba ya ɗaukar wutar lantarki, kamar yadda gilashi da roba ba sa ɗauka. Hasali ma saboda haka ne ake amfani da tangaran a kan turakun wuta domin raba waya da ƙarfe.

Don haka sai mai aikin ya fara gina tukunyarsa, ya gasa ta, ya gama mata duk wani shafen ƙyalli da take buƙata. Daga nan sai ya ɗauki buroshi ya zana wuraren da yake son ƙarfen ya fito, da wani fenti mai ɗaukar lantarki. Ana haɗa fentin ne da garin girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, ko kuma garin jan ƙarfe ko na azurfa.

Duk inda fentin ya taɓa, nan ƙarfe zai tsiro. Inda bai taɓa ba zai zauna yadda yake.

Bayan fentin ya bushe, sai a naɗa siririyar waya ta taɓa shi, a rataye tukunyar a cikin bahon roba ko na gilashi. Ruwan da ke cikin bahon shuɗi ne shar. Haɗi ne na tataccen ruwa, da gishirin jan ƙarfe da ake kira kofa salfet, da asid irin na batirin mota.

A gefen bahon ana rataye wani falle ko sandar jan ƙarfe. Shi ake jona wa wayar da ke da alamar tarawa, tukunyar kuma a jona mata mai alamar ɗebewa.

Da an kunna wuta, sandar za ta fara narkewa cikin ruwan ba tare da wani zafi ba, yayin da ƙwayoyin zarra na jan ƙarfe ke barin ruwan suna zama a kan fentin. Cikin ƙanƙanin lokaci za a ga launin ja-ja ya fara bayyana daga inda wayar ta taɓa, yana yaɗuwa har ya rufe zanen duka.

Wutar da ake buƙata ba ta da yawa. Ga ƙananan kaya, ƙarfinta bai cika wuce bolt ɗaya ko biyu ba, kwatankwacin batirin tocila. Amma dole ta zama mai tafiya ta fuska ɗaya. Wutar gida tana kai-komo ne sau 50 a cikin daƙiƙa, don haka ana buƙatar na'urar da za ta miƙar da ita, kamar yadda cajar waya ke yi.

Aikin da ba ya son gaggawa

Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ne ya gano a farkon shekarun 1830 cewa yawan ƙarfen da ke taruwa yana tafiya ne daidai da yawan wutar da ta ratsa ruwan. Har gobe da wannan lissafi ake aiki.

Amfiya ɗaya na wuta a tsawon awa ɗaya tana ɗora kusan giram 1.2 na jan ƙarfe. Idan azurfa ce, kusan giram 4.

A ɗauka mutum na son rufe wuri mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10, da jan ƙarfe mai kaurin rabin milimita. Wannan na buƙatar kimanin giram 45. A kan amfiya biyu, tukunyar za ta shafe kusan awa 19 a cikin ruwa.

Mai gaggawa kan ce bari ya ƙara wuta ya rage lokaci, kuma a nan ne yawancin sababbin shiga ke yin asara. Idan wutar ta yi yawa, ƙarfen zai fito da duhu, yana ɓurɓushi kamar gari, ba shi da ƙwari. Masu sana'ar kan ce aikin ya ƙone. Idan kuma ta yi kaɗan sosai, zai fito a dushe, babu sheƙi.

Wuta ta fi taruwa a gefuna da wurare masu tsini, don haka ƙarfen ya fi kauri a nan, har ya kan yi ƙuraje-ƙuraje. A masana'anta aibi ne. A wurin wasu masu fasaha kuwa, waɗannan ƙurajen su ne adon da suke nema.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki ma matsala ce, domin sabon ƙarfen kan iya ƙin haɗuwa da na farko yadda ya kamata. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne wutar da bahon kansa ke ci a misalin da ke sama ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba, ƙasa da ƙaramin ƙwan fitila.

Bayan an fito da tukunyar, sai a ɗauraye ta sosai, a goge ƙarfen. Wasu kan ƙara masa ruwan azurfa ko na zinare a sama. Wasu kuma su shafa masa sinadarin farar wuta ya yi duhu kamar tsohon kaya, ko su sa shi ya yi tsatsa mai launin kore da shuɗi, sannan a rufe da kakin zuma ko banish.

Daga batirin farko zuwa cocin Rasha

Tarihin wannan aiki ya faro ne daga Italiya. A shekarar 1800 Alessandro Volta ya bayyana batir na farko. Shekara biyar bayan haka, a 1805, abokinsa Luigi Brugnatelli na jami'ar Pavia ya yi amfani da batirin ya ɗora zinare a kan lambobin azurfa. Aikin nasa bai samu karɓuwa ba a lokacin, aka shafe shekara 30 ba a waiwaye shi sosai ba.

A 1838, wani masani haifaffen Jamus da ke aiki a birnin St Petersburg na Rasha, Moritz von Jacobi, ya nuna cewa jan ƙarfen da lantarki ya tara a kan wani abu yana ɗaukar siffarsa daidai, har da mafi ƙanƙantar ƙarzuwa. Gwamnatin Rasha ta ba shi tukuicin kuɗi, shi kuma ya wallafa bayanin dabarar a littafi a 1840, kowa ya samu.

Babban cocin St Isaac da ke birnin, wanda aka gina tsakanin 1818 da 1858, ya haɗa tsohuwar hanya da sabuwa a gini ɗaya.

Ƙubbarsa an yi mata rufin zinare ne ta tsohuwar hanya: a kwaɓa zinare da zaiba, a shafa a kan ƙarfe, sannan a hura wuta zaibar ta tashi ta bar zinaren. Hayaƙin zaiba guba ne da ke lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Tarihin ginin ya nuna cewa kimanin ma'aikata 60 ne suka mutu sakamakon shaƙarsa.

Da yawa daga cikin siffofin ƙarfen da ke cikin cocin kuwa, da sabuwar dabarar Jacobi aka yi su. Sun fi na zubi rashin nauyi, abin da ya sa aka iya ɗaga su zuwa can sama.

Zaibar da lantarki ya kora daga shagunan masu rufin zinare ba ta bar duniya ba. Har yanzu masu haƙar zinare na gargajiya a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya, suna amfani da ita wajen tace zinare daga ƙasa, duk da yarjejeniyar Minamata ta 2013 da ke neman rage amfani da ita.

A Ingila kuma, wani likitan tiyata a Birmingham mai suna John Wright ya gano cewa azurfa da zinare sun fi kwanciya lafiya idan aka narka su a ruwan sinadarin sayanaid. 'Yan'uwan nan biyu, George da Henry Elkington, suka sayi dabarar, aka yi mata rajista a 1840. Kamfaninsu ya cika gidajen masu matsakaicin hali da cokula da butocin shayi masu ruwan azurfa, kayan da a da sai attajirai.

Farantin da ake miƙa wa macen da ta lashe gasar tanis ta Wimbledon tun 1886, kamfanin Elkington ne ya ƙera shi a 1864.

Yadda azurfa ta hau kan tangaran

Ɗora ƙarfe a kan ƙarfe abu ne mai sauƙi. Sa shi ya kama jikin tangaran ko gilashi mai santsi, ya kuma zauna, shi ne ya ɗauki shekaru.

A 1889 Oscar Pierre Erard ya yi rajistar wata hanya a Birmingham. Ana zana ado da wani kwaɓi mai ɗauke da garin azurfa, a mayar da kayan cikin wuta har zanen ya kama jiki, sannan a tsoma a bahon lantarki azurfa ta taru a kansa.

Aibinta shi ne idan gilashi ne, bayan azurfar da ake hangowa ta ciki kan yi duhu. A 1893 John H. Scharling na jihar New Jersey a Amurka ya fito da gyaran da ya sa bayan ya zama fari.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kwalaben turare, butocin shayi da tulunan furanni masu zanen azurfa suka zama kayan yayi da kyautar biki a Turai da Amurka.

A Jamus, garin Schwäbisch Gmünd, wanda dama ya yi suna da maƙeran azurfa, ya zama cibiyar wannan aiki a ƙarni na 20. Masana'antu irin ta Friedrich Deusch da ta Spahr kan sayi tangaran daga manyan kamfanoni kamar Rosenthal da Hutschenreuther, su yi masa fenti mai launi, su ɗora masa azurfa, sannan masu sassaƙa su bi ta da hannu suna fitar da jijiyar ganye da gashin tsuntsu.

Matar da ta kafa Rookwood

Kamfanin da ya yi tulun dala 350,750 wata mata ce ta kafa shi. Maria Longworth Nichols, 'yar wani gidan masu arziki a Cincinnati, ta ga tukwanen Japan a babban baje kolin Philadelphia na 1876, suka shiga ranta. A 1880 ta buɗe masana'antarta, ta sa mata sunan gidan gonar mahaifinta.

Shirayamadani ya fara aiki a can a 1887, kuma yana tare da kamfanin har kusan rasuwarsa a 1948.

A farkon shekarun 1890, Rookwood kan aika tukwanensa zuwa kamfanin azurfa na Gorham da ke jihar Rhode Island domin a yi musu rigar azurfa. Sau da yawa adon azurfar ba ya da wata alaƙa da zanen da ke ƙarƙashinsa, har ma yakan rufe wani sashe nasa, domin wanda ya zana tukunyar daban, wanda ya sa mata ƙarfe daban.

Zuwa ƙarshen shekarun, kamfanin ya fara yin aikin lantarkin a cikin gida, Shirayamadani na kan gaba. Sai ya zama tun daga wajen ginin tukunya ake tsara inda ƙarfe zai hau. A tayar da siffar kifi ko ganye a jikin ɗanyen yumɓu, a gasa, sannan a lulluɓe wannan sashe kaɗai da jan ƙarfe ko azurfa.

A baje kolin duniya na birnin Paris a 1900, Rookwood ya lashe babbar kyauta. Amma aikin ƙarfen shekaru kaɗan ya yi aka daina, abin da ya sa kayan suka yi ƙaranci, farashinsu kuma ya yi tashin gwauron zabi a wajen masu tara kayan tarihi.

Kamfanin ya durƙushe a 1941 bayan karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, ya daina aiki a 1967, kafin daga baya a farfaɗo da shi a Cincinnati.

Mutumin da ya tafi da sirrinsa

A wani garin na jihar Ohio mai suna Canton, Charles Walter Clewell ya shafe kusan rabin ƙarni yana sanya wa tukwane rigar ƙarfe. Ba ya gina tukunya. Yakan sayi waɗanda ba a yi wa ado ba daga kamfanoni irin su Weller da Owens, ya lulluɓe su da fatar jan ƙarfe ko tagulla daga sama har ƙasa.

Abin da ya fitar da shi shi ne launi. Ya taɓa ganin wata tsohuwar butar tagulla a gidan tarihi na Wadsworth Atheneum da ke Hartford, wadda daɗewa ta sa ta yi wani irin shuɗi mai ratsin kore. Ya shafe shekaru yana gwaji har ya iya fitar da irin wannan launi a shagonsa.

Clewell ya rasu a 1965 ba tare da ya bayyana yadda yake haɗa sinadaransa ba. Kayansa suna nan a gidajen gwanjo, amma ilimin ya tafi tare da shi, saɓanin na Jacobi wanda littafinsa ya buɗe wa kowa ƙofa.

Dawowar sana'ar

Ko a lokacin da kayan ado masu azurfa suka daina tashe, masana'antu ba su saki dabarar ba. Da ita ake yin tambarin buga faifan garmaho da na CD, da farantan ƙarfen da ake buga takardun kuɗi da su, da siririyar ragar da ke bakin injin aski.

Masu fasaha sun sake rungumar ta daga shekarun 1960. Stanley Lechtzin na makarantar fasaha ta Tyler da ke Philadelphia ya yi fice wajen yin kayan ado da ita. June Schwarcz ta jihar California ta yi suna da kwanukan jan ƙarfen da take ginawa a baho, shi kuma Michael Glancy da gilashi mai rigar jan ƙarfe.

A yau na'urar miƙar da wuta ta yi arha, ana sayar da fentin da ruwan a haɗe ta intanet. Mai ƙaramin jari na iya fara aiki a kan teburi guda. Magina tukwane na amfani da dabarar wajen yi wa bakin kofi da hannunsa ado, da ɗinke tsagar da aka bari da gangan, da manna duwatsu masu ƙyalli a jikin tukunya.

Inda aikin ke lalacewa

Ba kowace tukunya ce ke jure wa bahon asid ba. Tukunyar ƙasa irin ta gargajiya, da ake gasawa a fili da itace da ciyawa, zafin wutarta yawanci bai kai digiri 1,000 ba. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi. Su ne ke sa randa ta riƙa tsatsafo tana sanyaya ruwa.

Irin wannan tukunya idan ta shiga baho za ta sha ruwan asid ta ƙoshi. Bayan makonni sai a ga shuɗin gishiri yana fitowa daga jikinta, yana cin ƙarfen ta ƙasa. Dole sai an toshe ta da banish ciki da waje kafin a tsoma.

Wadda ta fi dacewa ita ce wadda aka gasa a zafin da ya haura digiri 1,200, har yumɓun ya haɗe ya daina shan ruwa. Irin wannan gashi ne Michael Cardew ya kawo cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta fara aiki a 1954.

Matsala ta biyu ita ce riƙo. Ƙarfen ba ya haɗewa da santsin tukunya, yana rungumar ta ne kawai. Shi ya sa ƙwararru ke ƙarza wurin ko su bar shi ba shafen ƙyalli, kuma su tsara adon ya zagaye tukunyar kamar ɗamara. Zanen da aka ɗora shi kaɗai a tsakiyar wuri mai santsi yakan ɓamɓare.

Ta uku ita ce zafi. Jan ƙarfe da azurfa suna buɗewa idan suka ji zafi kusan ninki uku fiye da tangaran. Yawan zuba tafasasshen ruwa da sanyaya shi na sa ƙarfen ya saki jiki a hankali.

Asid, guba da abinci

Ruwan bahon jan ƙarfe yana ƙona fata, yana huda tufafi, kuma ɗigo ɗaya a ido na iya jawo makanta. Ana aikin ne da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska, nesa da yara da wurin girki. Wajen haɗawa, asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali. Zuba ruwa a cikin asid na sa shi ya tafasa ya yi fallatsa.

Bahon azurfa da na zinare ya fi haɗari, domin yawancinsu har yau da sayanaid ake haɗa su. Idan asid ya taɓa irin wannan ruwa, yana fitar da iskar da ke iya kashe mutum cikin mintuna. Ajiye bahon jan ƙarfe mai asid kusa da na azurfa a ƙaramin ɗaki ganganci ne. Akwai ruwan azurfa marar sayanaid a kasuwa, kuma shi ake shawartar ƙananan masu sana'a su nema.

Zubar da tsohon ruwan a kwata ma laifi ne ga maƙwabta. Gishirin jan ƙarfe yana kashe kifi da sauran halittun ruwa ko da kaɗan ne, kuma yana iya gurɓata rijiya.

Sai batun ci da sha. Abu mai tsami yana narkar da jan ƙarfe, kuma shan sa da yawa na jawo tashin zuciya, amai da ciwon ciki. Ƙa'idar abinci ta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana jan ƙarfe ya taɓa abincin da ma'aunin tsaminsa ya gaza 6. Lemon tsami, zoɓo, kunun tsamiya, nono da miyar tumatir duk suna cikin wannan rukuni.

Don haka kofin da aka yi wa ado a waje, cikinsa da bakinsa kuma tangaran ne zalla, ba shi da wannan matsala. Wanda jan ƙarfen ya shiga ciki ko ya hau inda leɓe ke taɓawa, musamman idan an sa masa koren tsatsa, na kallo ne kawai.

Abin da mai saye ya kamata ya duba

Azurfar da lantarki ya tara kusan tsantsa ce, ta fi ta maƙera wadda ke da kashi 925 cikin 1,000. Shi ya sa tsofaffin kayan Gorham ke ɗauke da hatimin 999/1000, na Jamus da yawa kuma 1000/1000. Hatimin na nuna ingancin azurfar ne, ba yawanta ba.

Idan aka shafa yatsa a kan adon, aikin lantarki na gaske yana da tudu, ana jin gefensa. Wanda yake a shafe daidai da jikin farantin, fenti ne ko ruwan azurfar da aka gasa.

A duba ko akwai inda ƙarfen ya ɗaga ko ya yanke, domin gyaransa yana da wuya, kuma yana rage daraja. A duba ƙasan tukunyar ko akwai shuɗin gari, alamar cewa ta sha ruwan baho.

Wajen kulawa kuwa, ba a sa irin waɗannan kaya a na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, domin ƙarfen zai yi tartsatsi. Ba a wanke su da soson ƙarfe, toka ko yashi. Ruwa mai ɗumi, sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi sun wadatar.

Azurfa kan yi baƙi da kanta saboda farar wutar da ke cikin iska, kuma ana iya goge ta. Amma kowace guga tana tafiya da wani abu daga kaurinta. Da yawa daga cikin tulunan da suka shekara 100 suna hannun jama'a, yawan guga ne ya cinye musu zanen da masu sassaƙa suka yi, ba faɗuwa ƙasa ba.